Me ya sa ƙoƙon kan da na wanke ya koma gari, kuma yaya zan yi da na biyu?

Wani ɗan'uwa maharbi daga ƙasar Ningi ne ya aiko da tambayar. Ya ce bara ya harbi namijin mazo mai kyawun ƙaho, ya so ya rataye kan a zaurensa. Ya dafa shi sosai har naman ya saɓule, ya jiƙa shi kwana biyu a ruwan bilic na wankin fararen tufafi, ya fito fari tas. Bayan wata uku sai ƙashin ya soma zubar da gari kamar alli, haƙora suka zube, goshi ya koma ruwan ɗorawa, ga wari na fitowa daga gindin ƙaho. Yanzu ya sake samun wani kan, yana son sanin inda ya kuskure da yadda zai yi wannan karon.

Malam, sannu da ƙoƙari, kuma na ji zafin asarar nan, don kan mazo mai ƙaho sosai ba kullum ake samunsa ba. Na daɗe ina haɗa ƙwarangwal ɗin dabbobi don koyar da ɗaliban likitancin dabbobi, kuma abin da ya same ka shi ne abin da ke samun kusan duk wanda ya fara. Kai fari kake nema, sai ka tafi kai tsaye wajen abin da ke sa fari. Alhali ƙashi da kansa fari ne. Abin da ke rina shi maiƙo ne da ke maƙale a cikinsa, kuma mafi yawan aikin nan fitar da wannan maiƙon ne. Idan ya fita, farin ba ya ba da wahala.

Bari in fara da abin da ƙashi yake, don daga nan za ka gane duk sauran. Wajen kashi biyu cikin uku na ƙashi ma'adini ne mai tauri irin na dutse. Sauran kuwa galibi wani abu ne mai danƙo da ake kira kolajin, wanda ke riƙe da ma'adinin kamar yadda ciyawa ke riƙe da ƙasar gini. Ka san shi sarai: shi ne ke sa romon ƙafar saniya ya daskare ya yi yauƙi idan ya kwana. Ashe ke nan duk lokacin da ka ɓararraka ƙashi a wuta, kolajin ɗinsa kake narkarwa cikin ruwa. Bilic kuma ya fi wuta ɓarna, cinye shi yake yi, ya shige ramukan ƙashi inda ɗauraya ba ta kaiwa. Farin da ka gani ranar farko farin ƙashin da aka ƙwace wa ƙarfinsa ne. Garin da yake zubarwa yanzu ma'adinin ne da ya rasa abin da zai riƙe shi. Sannan bilic ba ya fitar da maiƙo, sama-sama kawai yake wankewa, shi ya sa da zafin bazara ya zo kitsen da ke ciki ya narke ya tsattsafo a goshi.

Kafin a taɓa wuƙa, akwai abu biyu. Kan dabbar da ka harba da hannunka ko aka yanka a gabanka kawai za ka yi wa wannan aiki. Mushen da ka tarar a daji, musamman wanda jini ke fita ta hanci ko baki ko dubura, kada ka kusance shi, don alamar ciwon saifa ce, wanda likitoci ke kira antaraks, kuma yana kama mutum. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja ta jihar Neja. Kan dila da kare da sauran masu cizo ma a bar su, saboda ƙwayar ciwon haukan kare a ƙwaƙwalwa da yawu take zama. Na biyu doka ce. Tun 1985 Najeriya ke da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ga haramcin farauta a wurare irin su Yankari da Kamuku da Gashaka Gumti. Kan zaki ko damisa a bangon zaure shaida ce a kanka. Ni ko ba don doka ba, barewa ta yi ƙarancin da ba na son ganin sabon kanta a bangon kowa.

To, ga kai a hannu. Kada a babbake shi. Mun saba da zarar an cire kai sai a kai shi wuta saboda farfesu, amma wuta na ƙona ƙashin hanci da gindin ƙaho, tabon kuma ba ya fita har abada. Feɗe shi za ka yi tun yana ɗanye, ka cire fata da idanu da harshe, ka raba muƙamuƙin ƙasa da na sama, ka yanke duk naman da wuƙa za ta iya ɗauka ba tare da ta karci ƙashi ba. Sai ƙwaƙwalwa. Akwai rami a ƙeya inda lakar baya ke shiga. Lanƙwasa bakin waya, ka zura ta nan, ka dama, ka zuba ruwa ka girgiza ka zubar, ka yi ta maimaitawa har ruwan ya fito garau. Kada ka yi ƙyuyar wannan, domin ƙwaƙwalwa cike take da maiƙo, in ka dafa kai da ita a ciki kai da kanka ka shayar da ƙashin mai. Daga nan ka jiƙa kan a ruwan sanyi kwana ɗaya, kana sauya ruwan, jini ya fita. Sa safar hannu ta roba tun daga farko har ƙarshe.

Yanzu maganar ƙaho, inda warin naka yake fitowa. Idan kana kallon bidiyon mafarautan Amurka ko na Jamus a intanet, ka lura yawancinsu kan wata dabba suke aiki mai ƙaho mai rassa. Wannan ƙahon ƙashi ne zalla, yana faɗuwa duk shekara wani ya tsiro, don haka su ba abin da suke cirewa. Namu daban ne. Ƙahon mazo da gada da gwanki da ɓauna da rago da sa kube ne, kamar kuben wuƙa, an yi shi da irin abin da aka yi farce da kofato. A cikinsa akwai ƙashi da ya tsiro daga goshi, tsakanin kuben da ƙashin kuma akwai tantanin nama mai jini. Kai ka bar wannan tantanin a ciki, shi ne yake ruɓewa a zaurenka.

Dole kuben ya fita. Hanyar da na fi so ita ce in yayyafa wa kan ruwa, in ƙulle shi cikin baƙar leda, in ajiye inda kare ba zai kai ba, kwana biyar zuwa goma gwargwadon zafin gari. Tantanin zai ruɓe ya saki. Sai ka riƙe ƙahon da tsumma ka murɗa. Na mazo a murɗe yake, ka bi murɗin kamar mai kwance noti, kada ka fizga kai tsaye. Na rago kan so a ɗan bubbuga gindinsa da guntun itace. Za ka ji ya yi ɗan ƙara ya zame, abin da ke ciki kuma ba kyan gani ba daɗin shaƙa, don haka a bayan gida ko a gona ake wannan. Sa alamar dama da hagu. Wanke cikin kuben da sabulu da burushi, ka kife shi a inuwa ya tsane. Ƙashin ciki kuma ka yanke samansa da zarto, ka bar wajen rabi, yadda ruwa zai ratsa ya wanke ɓargo. Kube yana ɗan tsukewa idan ya bushe, shi ya sa nake gwada shi a mazauninsa lokaci-lokaci kafin a gama sauran aikin. Ƙahon kansa kada ya daɗe a ruwan zafi, kada kuma maganin fari ya taɓa shi, don launinsa shi ne adonsa.

Wajen raba sauran nama da ƙashi, in kana da haƙuri ruwa kawai ya ishe ka. Saka kan a bokitin roba mai murfi, ruwa ya shanye shi, ka ajiye a wuri mai ɗumi. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da nama za su yi maka aikin da wuƙa ba ta iyawa, har cikin lungunan hanci. A bazara mako ɗaya zuwa uku ya isa. A hunturu aikin kan yi sanyi sosai, wani lokaci ya tsaya cak. Duk kwana uku ko huɗu ka zubar da rabin ruwan ka ƙara sabo, kada ka zubar duka, don masu aikin a ciki suke, kuma kada ka sa sabulu ko wani magani a wannan matakin. Idan za ka zubar, ka tace ta rariya ko tsumma, haƙora na nan a gindin bokiti. Aibinta ɗaya ne, ɗoyi. Ɗoyi ne na gaske, wanda zai haɗa ka da maƙwabta da uwargida, saboda haka ka nemi wuri nesa da gidaje. Amma ita ce hanyar da ke bar maka ƙashi da cikakken ƙarfinsa, har da siraran ƙasusuwan nan na cikin hanci masu kama da naɗaɗɗiyar takarda. Wanda ya san aiki, can yake fara leƙawa.

In ba ka da wurin, sai dahuwa, amma dahuwa mai ladabi. Ruwan ya yi zafi yana tururi, kana ganin 'yan ƙananan kumfa a gindin tukunya, amma bai ɓararraka ba. A ma'auni wajen digiri 70 zuwa 80 ke nan. Zuba sabulun wanke-wanke na ruwa kaɗan. Duk rabin awa ka ciro kan, ka kankare abin da ya saki, ka kwashe man da ya taso, ka mayar. Idan ruwan ya yi kauri ka sauya da wani mai ɗumi, kada ka tsoma kai mai zafi cikin ruwan sanyi, haƙora za su tsage. Kan mazo awa biyu zuwa uku ya ishe shi. Na ƙaramar dabba da ba ta gama girma ba ya fi son kulawa, don gaɓoɓin ƙoƙon ba su gama haɗewa ba, yana iya wargajewa a tukunya. Za ka ji masu cewa a jefa kanwa. Gaskiya ne tana saurin sakin nama, kamar yadda take yi wa wake da ganda, amma abin da take yi wa ganda shi take yi wa kolajin ɗin ƙashi. In za ka sa, ɗan ƙanƙane, kuma na ɗan lokaci. Ni na daina sawa.

Akwai hanya ta uku da gidajen adana kayan tarihi ke bi a ƙasashe da yawa, wato kiwon wani ƙwaro mai cin busasshen nama. Ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne baƙin ƙwaron nan da tsutsarsa mai gashi ke addabar masu bandar kifi a Baga da Yawuri da masu ajiyar fatu. Tsutsar tana share ƙashi tsaf ba ta fasa komai. Sai dai tana buƙatar a tara ta da yawa a akwati mai rufi, in kuma ta kuɓuce cikin gida ta sami fata da kilishi da banda. Don kai ɗaya a shekara bai cancanci wahalar ba. Binnewa a ƙasa kuwa ban ba ka shawara ba: jar ƙasa na rina ƙashi, haƙora na ɓacewa, kare ko kura na iya riga ka tonowa.

Nama ya fita, kai ya yi kyau a ido, a nan ne kowa ke gaggawa, a nan ne kuma ya kamata a zauna. Kitsen dabbobi masu tuƙa irin su mazo da rago mai tauri ne, ka ga yadda yake daskarewa a leɓe idan romo ya huce. Ruwan sanyi ba ya motsa shi. Yana son ruwa mai ɗumin da hannu zai iya jurewa, wajen digiri 45, da sabulun wanke-wanke, na tsawon makonni. Turawa sai sun sayi na'urar ɗumama ruwa. Mu Allah ya hore mana rana: baƙin bokiti mai murfi a tsakar rana a watan Maris ko Afrilu yana kai wannan ɗumin da kansa. Sauya ruwan duk kwana biyu ko uku. Da farko za ka gan shi ya yi fari-fari kamar tsinkakken nono, da ɗigon mai a sama. Ci gaba har ya riƙa zama garau. Kan gada na iya gamawa a mako biyu, na ragon layya mai ƙiba yana iya cin wata biyu. Muƙamuƙin ƙasa ɓargo ne a cikinsa, nakan huda ɗan rami ta gefen ciki inda ba a gani don mai ya sami hanyar fita.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne bushewa. Ciro kan, ka ɗauraye, ka bar shi kwana uku ko huɗu a inuwa. Sannan ka ɗaga shi a haske ka duba ƙeya da gindin ƙaho da kewayen ramin ido. Duk inda ka ga tabo mai duhu kamar takardar da aka naɗe ƙosai, mai ne. Mayar da shi bokiti. Na taɓa mayar da kan wani rago sau huɗu, ina cewa ya gama yana nuna mini bai gama ba, yau shekararsa takwas a kan kanta ɗalibai na jagwalgwala shi bai sauya launi ba. Wasu na jiƙawa a fetur don sauri. Kada ka yi. Warinsa ba ya barin ƙashi, ga haɗarin gobara a gidan da ake girki da itace.

Sai farin. Abin da ake amfani da shi haidurojin feroksaid ne, ruwan nan na kemis da ke kumfa idan an zuba a ciwo. Yana haskaka ƙashi ba tare da ya yi masa irin cin da bilic ke yi ba, in dai ba a wuce ƙa'ida ba. Duba jikin kwalbar, za ka ga kashi 3 ko kashi 6 cikin 100. Kowanne ya yi. Saka kan a robar da ta yi daidai da shi don kada ka ɓarnatar da magani, ka zuba har ya rufe shi. Roba, ba kwanon ƙarfe ba, don ƙarfe na kashe ƙarfinsa. Rufe shi daga haske, amma kada ka toshe murfin gam, yana fitar da iska. Kwana ɗaya zuwa biyu, kana dubawa. In kan babba ne kuma kuɗin kwalabe zai yi yawa, je shagon kayan gyaran gashi ka nemi kirim ɗin da ake haɗa rinin gashi da shi. Wanda aka rubuta 20 a jikinsa kashi 6 ne, mai 40 kashi 12 ne. Shafa da burushi, ka naɗe da farar leda don kada ya bushe, ya kwana, ka wanke. Mai ƙarfin nan yana ƙona fata nan take ta yi fari tana zugi, a ido kuwa abin ya fi haka muni, don haka safar hannu da tabarau, kuma a nesa da yara. Kada ka haɗa shi da bilic ko wani maganin wanki.

Ƙashi yana ƙara haske idan ya bushe, saboda haka ka ciro shi tun kafin ya kai farin da kake so. Ni farin hauren giwa na fi so a kan farin takarda, don shi ke nuna layukan gaɓoɓin ƙoƙo masu kama da ɗinki. Fenti kuwa ko kusa. Yana toshe waɗannan layukan, mai ya biyo ta ƙarƙashinsa ya ɓamɓare shi. Banish ma, man ƙyallin da kafintoci ke shafa wa katako, rawaya yake komawa.

Ɗauraye sosai, ka shanya a inuwa mai iska kamar mako guda. A hunturu ka yi hankali, bushewar gaggawa na tsaga haƙora. Mayar da haƙoran da farin gam na kafinta, ɗigo ɗaya a kowane rami, kowanne zai nuna maka gurbinsa don ba ya zama daidai a na wani. Kada ka tayar da hankali kana neman haƙoran gaba na sama: mazo da rago da sa ba su da su tun asali, dasashi ne mai tauri a wurin, takwas ɗin gaba duk a ƙasa suke. Sai ka mayar da kuben ƙaho da gam kaɗan, ka goge shi da tsumma mai ɗan mai, shafa ɗaya, ba jiƙawa ba.

Wajen ratayewa, allon maɗaci ko ƙirya mai duhu yana fito da farin. Zura waya mai kauri ta ramin ƙeya ka ɗaure a allon, ba sai ka huda goshi ba. A bayan allon rubuta ranar da wurin da ka harbe shi, 'ya'yanka za su so sanin wannan. Nisanta shi da hayaƙin murhu da bangon da ke jiƙa da damina. Ɓera na gurgurar ƙashi, akwai kuma wata asu da tsutsarta ke cin ƙaho, alamarta 'yan ƙananan ramuka da wasu bututu masu kama da ƙasa da ke tsirowa a jikin ƙahon. Duba shi duk 'yan watanni, ka kaɗe ƙura da burushi mai laushi.

Na farkon kuma kada ka jefar. Ƙarfin da bilic ya cinye ba ya dawowa, amma ana iya tsayar da ɓarnar. Cire kuben ƙahon ka wanke cikinsa, in ya ƙi fita ka naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen tsumma cikin leda na 'yan kwanaki. Jiƙa ƙoƙon a ruwa zalla kwana uku kana sauyawa kullum, sannan ka bi da shi ta ruwan sabulu mai ɗumi, a hankali, ba gogewa, don yanzu ba shi da ƙwari. Idan ya bushe sarai, tsinka farin gam da ruwa har ya zama kamar madara, ka shafa sau biyu ko uku, kowace shafa ta bushe kafin ta gaba. Zai shige ya riƙe garin. Masu aikin adana kayan tarihi suna amfani da wani ƙaro mai suna Paraloid B-72 da ake narkarwa a asiton, ruwan da ake goge jan farce da shi, ya fi gam ɗorewa in ka sami mai kawo maka. Idan kuwa fuskar ta riga ta rugurguje, yanke goshin da zarto ta saman ramukan ido, ka bar ƙahonin biyu a kan ɗan faifan ƙashinsu, ka kafa a ƙaramin allo.